Wata huɗu ina ninkaya, sikeli ya ƙi motsi

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a Kaduna, shekarata 46, 'ya'yana biyar. Nauyina kilo 94, tsawona mita 1.62. Shekara biyu ke nan gwiwoyina suna damuna, har wani lokaci a kan kujera nake sallah. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne ya fara kama ni, ga jinina yana ɗan hawa, ya ce lallai in rage ƙiba. Na gwada tattaki bayan asuba, gwiwa ta hana. Daga nan na samu wani wurin ninkaya da ya ware wa mata lokaci sau uku a mako. Na koyi salon kwaɗo, ina yin awa guda duk zuwa, yau wata huɗu. Gaskiya ina jin daɗin jikina: ina barci sosai, hakin hawa bene ya ragu, jinin ma ya sauka. Amma sikeli ya ƙi motsi, rabin kilo kawai na rage. Kuma in na fito daga ruwan wata irin yunwa ke kama ni, sai na tsaya a hanya na sayi masa da lemo mai sanyi. Maigida ya ce asarar kuɗi nake yi, ƙawata kuma ta ce ninkaya ba ta rage ƙiba, ƙara ta ma take yi. Anti, shin ninkaya ita kaɗai ta isa ta ba ni lafiya ta kuma rage min jiki, ko in haƙura in bar ta?

Daga 'yar'uwarki a Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Kada ki bar ruwan nan. Da wannan na fara domin shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Macen da gwiwa ta zaunar da ita, ta tashi tana da shekara 46 ta koyi iyo, ta kuma riƙe shi wata huɗu ba fashi, ta yi abin da mutane da yawa suka kasa. Wahalar motsa jiki ba a farawa take ba, a ɗorewa take, kuma ke kin samu wanda kike ɗorewa a kansa. Da bakinki kika ce barcinki ya gyaru, haki ya ragu, jini ya sauka. Likitan da ya ce ki rage ƙiba ai waɗannan abubuwa yake nema miki. Sun fara zuwa tun kafin sikeli ya sani. Kuɗinki bai tafi a banza ba, kuma ina so ki faɗa wa maigida haka cikin ladabi, ki nuna masa awon jininki na da da na yanzu.

Amma kin yi tambaya kai tsaye, don haka ga amsa kai tsaye. Ninkaya ita kaɗai ta isa ta riƙe miki zuciya da huhu. Ba ta isa ta riƙe miki ƙashi ba, kuma ba za ta sauke miki nauyi ba muddin abin da ke shiga ciki bai canza ba. Aiki uku ne kike nema a wurin ma'aikaci ɗaya. Ya yi ɗaya da kyau, biyun kuwa sai an sama masa mataimaka.

Bari mu fara da abin da ruwa ya yi miki, domin ki san darajarsa. Idan mutum ya tsaya ruwa ya kai masa ƙugu, ƙafafunsa kusan rabin nauyinsa kawai suke ɗauka. Idan ruwan ya kai wuya, abin da ya rage a kansu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wato ke mai kilo 94, da ruwa ya kai miki wuya gwiwoyinki kamar kilo 9 ko 10 suke ji. Shi ya sa ƙafar da ta kasa kai ki bakin titi take iya aiki awa guda a ruwa. A lokaci guda kuma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka duk hannun da kika miƙa, duk ƙafar da kika buga, tura wani abu kike yi. Baya, kafaɗa, ƙirji, ciki da cinya duk suna aiki tare. Ga mai ciwon gwiwa da ƙiba, da wuya a samu motsa jikin da ya haɗa waɗannan biyun, sauke nauyi daga gaɓa da ba tsoka aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. A lissafinki, awa uku a mako minti 180 ne, kin shiga cikin adadin. Sai dai a nan zan yi miki wata tambaya, ki amsa wa kanki tsakani da Allah: a cikin awar nan, minti nawa kike iyo da gaske? Na sha zama a gefen wurin ninkaya a lokacin mata ina kallo. Mace za ta tsallaka sau ɗaya, ta kama bakin tafkin, ta share ido, ta gyara hula, ta gaisa da ta kusa da ita, a taɓa hirar makarantar yara da tsadar shinkafa, sannan ta sake tsallakawa. Idan aka tara lokacin da jikinta ya motsa, wataƙila minti goma sha biyar ne cikin sittin. Ban ce laifi ba ne, hirar nan ma tana cikin abin da ke dawo da mutum gobe. Amma awa guda a cikin ruwa daban, awa guda ana iyo daban. Zuwanki na gaba ki ƙirga tsallakawar da kika yi, ki tambayi mai kula da wurin tsawon tafkin, ki rubuta. Daga wannan lambar za mu fara gini.

Yanzu maganar ƙawarki. Ba ta ƙirƙira ba, maganar tana da asali. A 1987 wani likita a Amurka mai suna Grant Gwinup ya buga sakamakon wani bincike da ya yi a kan mata masu ƙiba. Ya raba su uku: masu tattaki da sauri, masu tuƙa keken motsa jiki, da masu ninkaya. Suka yi ta ƙara lokaci har suka kai awa guda kullum, na tsawon wata shida, kuma ba a hana kowa cin abin da take so ba. Masu tattaki suka rage kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, masu keke kusan kashi 12, masu ninkaya kuwa ba su rage komai ba. Tun daga lokacin maganar ta bazu cewa iyo ba ya sauke jiki.

Amma ki lura da sharaɗin: ba a hana kowa cin abin da take so ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Fulorida suka sa samari yin motsa jiki na minti 45 a cikin ruwa, wani lokaci ruwan mai sanyi digiri 20, wani lokaci mai ɗumi digiri 33, sannan suka ajiye musu abinci su ci iya son ransu. Bayan ruwan sanyi, abin da suka ci ya zarce na bayan ruwan ɗumi da kusan kashi 44 cikin 100, alhali aikin da suka yi kusan ɗaya ne. Dalilin kuwa ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kusan sau 25. Mai tattaki a rana yana gamawa jikinsa da zafi, ruwa yake nema ba tuwo ba. Mai iyo yana fitowa jikinsa ya huce, cikinsa na kira. To yunwar da kike ji ba kwaɗayi ba ne, ba kuma raunin zuciya ba ne. Haka jikin ɗan Adam yake amsa sanyin ruwa. Daga baya an yi wani binciken a birnin Perth na Ostareliya a kan mata 'yan shekara 50 zuwa 70, inda masu ninkaya suka ɗan fi masu tattaki rage nauyi da ƙugu bayan shekara guda. Wato ba ruwan ne ke hana ramewa ba, abin da ake ci bayan an fito ne.

Mu yi lissafin da ke tsakanin tafkin da mai masa, domin a nan matsalarki take. Mace mai nauyinki, idan ta yi rabin awa tana iyo ba tsayawa, da matsakaicin ƙarfi, za ta ƙona kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, tsakanin 250 zuwa 300. Robar lemo guda ta santilita 50 tana ɗauke da kalori sama da 200. Cokalin cin abinci guda na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, kusan kalori 120 ne, kuma kin san yadda tanda take shan mai. Ki haɗa lemon da masa biyar ko shida da ɗan suga ko miya a kai, za ki ga kin mayar da abin da kika ƙona har da riba, a cikin minti goma, kafin ma ki isa gida ki tarar da abincin dare. Kilo guda na kitse kuwa kusan kalori 7,700 ne. Ko da ba ki ƙara loma ɗaya a kan cin da kika saba ba, zuwa uku a mako zai ɗauke ki wajen wata biyu kafin ya narkar da kilo guda. Saboda haka rabin kilon nan naki ba abin mamaki ba ne. Ya yi daidai da lissafi.

Abin yi a nan ba shi ne ki yi yaƙi da yunwar ba, domin za ta kayar da ke. Ki tarbe ta da shiri. Kada ki shiga ruwa da ciki wayam. Awa ɗaya ko biyu kafin ki tafi ki ci wani abu kaɗan, ayaba guda ko rabin kofin kindirmo. Ki sa guzurin fitowa a jaka tun daga gida: dafaffen ƙwai biyu, ko alala ƙulli guda, ko ɗan dafaffen wake, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, da kokwamba ko lemon zaƙi. Waɗannan suna riƙe ciki, ba kamar abin da aka yi da farar shinkafa da suga ba, wanda ke sauka nan da nan ya bar ki da wata yunwar. Da kin fito ki yi wanka da ruwan ɗumi in akwai, ki goge jiki ki sa tufafi da wuri, ki sha wani abu mai zafi daga filas, shayin citta ba suga ko da suga kaɗan. Ɗumama jiki yana rage kaifin yunwar. Ki sha ruwa ma, domin mai iyo yana yin gumi bai sani ba, kuma sau da yawa ƙishirwa tana shigowa da rigar yunwa. In da hali ki canza hanyar komawa gida na ɗan lokaci. Ido ba ya ganin tanda tana tiriri ga mai jin yunwa ya wuce lafiya.

Lokacin hunturu ki ƙara kula. Yawancin wuraren ninkayarmu a fili suke, ba a ɗumama su, kuma daga Disamba zuwa Janairu ruwan safe a Kaduna yana da sanyi sosai. A watannin nan ki zaɓi lokacin rana ko la'asar in jadawalin mata ya ba da dama.

Sauran kwanakin mako kuma, ba zan ce ki shiga wani tsarin horon yunwa ba. Ba na son su, suna sauke mutum da sauri su dawo da shi da ƙari. Abu uku kawai nake so ki taɓa. Abin sha mai zaƙi, ko lemon kwalba ne, ko zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga, ko shayin safe mai cokali uku, ki rage shi har ya zama na jefi-jefi. Man girki ki riƙa aunawa da cokali maimakon tuttulawa daga jarka. Malmalar tuwo ko tulin shinkafa ki rage kashi ɗaya cikin uku, ki cike gurbin da ganye: kwaɗon zogale, rama, alayyahu, kabeji, miyar kuɓewa ko kuka da ba a nutsar da ita a mai ba. Tukunyar gidan ba sai ta rabu biyu ba, farantinki ne kawai zai canza. Magungunan rage ƙiba da shayin wanke ciki da ake tallatawa a WhatsApp da TikTok kuwa, ki yi nesa da su. Yawancinsu zawo da fitsari suke sa mutum, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma mai hawan jini ba ta da hurumin yin wasa da ƙodarta.

Kada ki sa wa ranki komawa jikin 'yanmatanci. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya nuna a hawan jini da sugan jini. A wurinki kilo 5 zuwa 9 ke nan, a cikin wata shida zuwa shekara. Ga kuma wani abu da zai faranta miki rai: bincike a kan masu amosanin gwiwa ya nuna duk kilo guda da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Kilo biyar ɗin farko kaɗai za su ɗauke wa gwiwarki kamar kilo ashirin duk lokacin da kika aje ƙafa.

Yanzu ga ɓangaren da ba ki tambaya ba, wanda kuma ya fi tsaya min a rai saboda shekarunki. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sake gina shi, kuma abin da ke gaya masa ya ƙara ƙarfi shi ne nauyin da ake ɗora masa. In aka ɗauke nauyin sai ya fara saki. 'Yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi, suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu da ƙafa a kowane wata. Ruwa ba ya cinye ƙashi kamar haka, tunda awa guda ce kike yi ki fito, amma ba ya gina shi, domin alherin da ya yi wa gwiwarki na ɗauke mata nauyi shi ne kuma ya hana ƙashin samun aikin da yake buƙata. An auna ƙasusuwan gwanayen ninkaya an ga ba su kai na masu gudu da masu tsalle ƙarfi ba.

Ke kuma kina bakin lokacin ɗaukewar al'ada, wanda yawanci ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55. A shekarun da ke biye da shi sinadarin da ke kare ƙashin mace yana raguwa, ƙashi ya riƙa zubewa da sauri fiye da kowane lokaci a rayuwarta. Duk mun san tsohuwar da ta zame a banɗaki, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, ƙugu ya karye, daga nan ba ta sake tashi ba. Wannan karayar tun tana da shekara hamsin aka fara shirya ta. Shi ya sa ƙa'idar hukumar lafiyar nan ba ta tsaya a mintocin da na ambata ba, ta ƙara da cewa a yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan rabin ne mutane suke mantawa.

Ba sai kin je gidan motsa jiki ba, ba sai kin sayi ƙarfe ba. Kujerar da kike sallah a kanta ita ce kayan aikinki na farko. Ki jingina ta da bango don kada ta zame, ki zauna, ki miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, ki sake zama a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Sau takwas zuwa goma, ki huta, ki maimaita sau biyu. In ya yi wuya da farko ki ɗora filo a kan kujerar ta ƙara tsawo. Wannan yana gina tsokar gaban cinya, kuma ita ce babbar mai gadin gwiwa. Duk lokacin da ta yi ƙarfi gwiwa tana samun sauƙi. Bayan shi ki dafa bango da tafuka biyu, ki kai ƙirji kusa da shi ki tura kanki baya. Ki riƙe bayan kujera ki ɗaga duga-dugai ki sauke. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwa, ki ɗaga ƙugu sama ki riƙe kaɗan. Ki cika galan biyu da ruwa, kowane lita biyu zuwa huɗu (lita guda kilo guda ce), ki riƙe ɗaya a kowane hannu ki zaga tsakar gida. Duka ba zai wuce minti ashirin ba, sau biyu a mako, a ranakun da ba kya zuwa ruwa. Ɗan tsamin tsoka washegari ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburin da ya kwana, alama ce ki rage.

Tattakin da ya gagare ki ma kada ki yi masa sallama ta har abada. Ina zaton kin fara da mai tsawo ne a tashi ɗaya. Ki koma masa da minti biyar zuwa goma bayan cin abinci, a wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe, da takalmi mai katifa ba silifas ba. Gajeren tattaki bayan abinci yana taimaka wa sugan jini, yana kuma ba ƙashi nauyin da ruwa ba ya ba shi. Ki haɗa da abincin da ke ciyar da ƙashi, nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, ganyen zogale da kuka, ki kuma riƙa samun ɗan hantsi a fatarki a tsakar gida, domin daga hasken rana jiki yake haɗa bitamin D.

Akwai gyara kuma a cikin iyon kansa. Kin ce salon kwaɗo kika koya. Shi ne mafi sauƙin koyo, amma shi ne mafi takura wa gwiwa, domin bugun ƙafarsa yana buɗe ta ya murɗa ta waje, ya ja jijiyar gefen ciki. Har gwanaye suna fama da wannan ciwon. In kuma kina yin sa kanki a sama ba kya sa fuska a ruwa, kamar yadda yawancin masu koyo da girma suke yi, wuya da ƙasan baya suna ɗaukar wahala. Ki nemi mai koyarwa ta nuna miki iyon rigingine da na rub-da-ciki mai sara hannu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ƙafa ke bugawa sama da ƙasa a miƙe. Ki sayi tabarau na ruwa, ki koyi fitar da numfashi a cikin ruwa ki sha iska in kin juyo. Ranar da kika iya wannan za ki ga tsallakawarki ta ninka ba tare da kin kama bango ba. Sauya salo kuma yana kare kafaɗa, wadda ita ce gaɓar da ta fi damun masu iyo.

Sannan ki daina tafiya da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Jiki yana sabawa, abin da ya sa ki haki a watan farko yanzu ya zama hutu. Bayan minti biyar na ɗumama jiki, ki yi tsallakawa ɗaya da ƙarfi har ki ji numfashi ya hau, ki huta daƙiƙa ashirin zuwa talatin kina kallon agogo, ki dawo a hankali, ki sake. Ki fara da zagaye shida, ki riƙa ƙara ɗaya ko biyu duk mako. In kin gaji da iyo kada ki tsaya, ki yi tafiya da sauri a inda ruwa ya kai ƙirji kina kaɗa hannu. Aiki ne sosai, kuma gwiwa ba ta ƙorafi. Ma'aunin ƙarfin aikin mai sauƙi ne: in kin kai bango kina iya faɗin gajerar jimla amma ba kya iya doguwar hira, kina kan daidai. In kina da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, kada ki damu in kin ga lambar ba ta hau kamar ta tattaki ba, a cikin ruwa zuciya takan buga ƙasa da na tudu da kamar 10 zuwa 15 a minti. Tunda kina da hawan jini, ki gaya wa likitanki kafin ki ƙara ƙarfin atisayen, kada ki riƙa riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, kuma kada saukar da jinin ya yi ta sa ki ajiye magani da kanki. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, ki fito daga ruwa nan take ki nemi asibiti.

Wani gargaɗi, ba don ke kaɗai ba, har da masu karatu da za su ce ba su da kuɗin wurin ninkaya. Kududdufi, dam da rafi mai kwanciya ba madadinsa ba ne. A irin wannan ruwan ake ɗaukar tsargiya: ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa ta huda fata ba tare da mutum ya ji ba, daga baya a ga jini a fitsari, in ta daɗe ta lalata mafitsara ko hanta. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu ita. Ga kuma nutsewa, wadda ke cin ran kimanin mutum 300,000 a duniya duk shekara. Ko a wurin da aka gina, kada ki shiga ke kaɗai ba mai lura, kada ki shiga ruwan da ba kya ganin ƙasansa, kuma da damina in an fara walƙiya ki fito.

Sikelin nan kuma ki rage masa matsayi. Nauyin mace yana hawa da sauka da kilo guda ko fiye a cikin kwanaki saboda ruwan jiki, gishiri da zagayowar al'ada, ga shi ba ya bambance kitse da tsoka. Ki hau shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin karin kumallo. Ki ari tef ɗin awo na tela ki auna ƙugunki daidai saman cibiya sau biyu a wata. Abin da ake so shi ne ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsawon mutum. Ke mai santimita 162, inda za a dosa a hankali shi ne 81. Kitsen tumbi shi ne mai haɗa kai da hawan jini da ciwon suga, kuma sau da yawa zani yana fara yin sako-sako kafin sikeli ya nuna komai.

Ki samu ƙaramin littafi ki rubuta abu huɗu yau: awon ƙugu, awon jini, yawan tsallakawar da kike yi a zuwa ɗaya, da sau nawa kike iya tashi daga kujera ba dafawa cikin daƙiƙa talatin. Ki bi tsarin nan mako takwas, ruwa sau uku, kujera da galan sau biyu, guzuri a jaka, sannan ki sake aunawa ki rubuto min lambobin. Ki gaya min kuma ko kin fara iya yin raka'a biyu a tsaye. Allah ya ba ki ikon yi, ya sa ki koma sujada da goshinki a ƙasa.